Idan Dusar Ƙanƙara Ta Yi Sammako Ta Tafi da Wuta: Yadda Za Ka Riƙe Gidanka Kwana da Kwanaki

Tun shigowar sanyi 'yan'uwa ke ta aiko mini da tambaya ɗaya, musamman waɗanda bana ce shekararsu ta farko ko ta biyu a arewa maso gabashin Amurka: idan dusar ƙanƙara ta sauko aka ɗauke wuta, me mutum zai yi? Wasu cewa suke yi mu da muka tashi a hannun NEPA, wace ɗauke wuta ce za ta tayar mana da hankali. To, a nan gizo ke saƙar. A gida in an ɗauke wuta zafi ne damuwarka, sai ka buɗe taga, ka fito da tabarma tsakar gida, ka tayar da janareta a bakin ƙofa. A nan kuwa gida a toshe yake ruf, sanyi na ratso bango, kuma dabarun da muka saba da su a gida su ne kan gaba wajen hallaka mutane.

Ina jihar Konetikat ranar Asabar 29 ga Oktoban 2011, lokacin da dusa ta zo tun itatuwa ba su gama zubar da ganye ba. Jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, ta lafe a kan ganye, rassa suka yi ta ɓallewa suna faɗawa kan wayoyin lantarki. Daren nan kwana muka yi muna jin ƙarar karyewarsu kamar harbin bindiga. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 3 suka rasa wuta a yankin, fiye da 800,000 a Konetikat kaɗai, wasu har kwana 11, ta yadda Babbar Sallah ta 6 ga Nuwamba ta riske su cikin duhu. Haka aka yi a birnin Bafalo na jihar Niyok a Oktoban 2006. Dusar da ta yi sammako ta fi ta tsakiyar hunturu ɓarna ga wayoyi, kuma takan tarar da mutane ba su fito da barguna ba ma. Ga matakan bi da bi.

1. Kafin ta sauko

Da ka ji masu hasashen yanayi sun ce dusa mai nauyi na tafe kuma ka ga ganye a kan itatuwa, ka ɗauka kana da yini ɗaya. Abu na farko da za ka saya, kafin burodi, kafin madara, shi ne na'urar ƙararrawa mai jin iskar kabon monoksaid, wadda ke aiki da batir. Kuɗinta kimanin dala 20 zuwa 40 ne. Ka sa ta kusa da ɗakunan barci, in gidan bene ne kowane hawa da tasa. In tana nan tun da can, danna maɓallinta ka ji ta yi kuka.

Sai fitilar batir mai haskaka ɗaki, tocila ga kowane babba, da batura na ajiya. Fitila mai kyau ba ta wuce dala 15 zuwa 30. Ka cika duk wayoyi da cajar ajiya da wuta, ka sami ƙaramar rediyo mai batir. Ka cika tankin mota, domin famfon gidan mai da lantarki yake aiki, kuma 'yan gidajen da suka rage a buɗe layinsu sai wanda ya gani. Ka ciro tsabar kuɗi, ƙananan takardu, saboda na'urar kati kan tsaya.

Ruwan sha: galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku. Mu masu alwala da tsarki sai mu ƙara a kan haka. Ka cika bahon wanka da bokitai don ban-ɗaki. Ka zuba ruwa a robobi ka cusa su duk inda ke da sarari a firiza, kada ka cika su har baki.

Abincin da ba ya buƙatar wuta kuwa mun fi kowa saninsa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, madarar gari, kifin gwangwani, burodi, kilishi ga mai shi. Kada ka manta da mabuɗin gwangwani na hannu. Ka dafa shayi ka cika filas tun wuta na nan.

2. Awa ta farko

Leƙa waje ka ga ko maƙwabta ma suna cikin duhu. In kai kaɗai ne, duba akwatin fis na gidanka. In unguwa ce duka, ka sanar da kamfanin wuta da kanka, ta kira ko ta saƙo. Kada ka ce ai wani ya kira. Da rahoton jama'a suke gane girman ɓarnar. In akwai mai amfani da injin numfashi ko wata na'urar jinya a gidan, ka faɗa musu, ka kuma fara shirin kai shi inda ke da wuta tun yanzu.

Rubuta lokacin da wutar ta tafi a takarda ka manna a jikin firij. Wannan 'yar takarda za ta yi maka amfani wajen yanke hukunci kan abinci, da kuma wajen neman diyya daga baya. Cire talabijin, kwamfuta da hita daga soket, ka tabbata murhun lantarki da dutsen guga a kashe suke. Bar ƙwan fitila ɗaya a kunne don ka san lokacin da ta dawo.

Gargaɗi: duk wayar da ka gani a ƙasa ko tana reto, ka ɗauka da wuta a jikinta, ko da unguwar duhu ce. Ka nisance ta da aƙalla mita 10, kada ka taɓa reshen da ya jingina da ita, ka kira lambar gaggawa ta 911. Dusa kan binne waya, saboda haka kada yara su fita wasa sai babba ya zagaya ya duba. Kada kuma a tsaya ƙarƙashin itace, rassa na ci gaba da faɗowa bayan dusar ta tsaya.

3. A tattaru a ɗaki ɗaya

Abin da ke ba sababbin zuwa mamaki shi ne, ko da gas ko da mai tukunyar ɗumama gidanka ke amfani, ba za ta yi aiki ba sai da lantarki, domin shi ke kunna ta ya kuma tura ɗumin zuwa ɗakuna. Da wuta ta tafi, ɗumi ya fara tsiyayewa. Ranar farko ba za ka ji sosai ba. Dare na biyu shi ne gwaji.

Zaɓi ƙaramin ɗaki mai ƙarancin tagogi, zai fi kyau in rana na shigarsa. A kawo katifu a shimfiɗa, a rufe sauran ɗakuna, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a rataya bargo a taga da dare, a cire shi da rana in hasken rana na bugawa. A shimfiɗa darduma ko kwali ƙarƙashin katifa, saboda ƙasa na zuƙe ɗumin jiki. In kuna da tantin yara ko na zango, ku kafa shi a cikin ɗakin, numfashin mutum uku ya isa ya ɗumama shi. In babu, tebur da aka lulluɓe da barguna yana yi wa yara wannan aikin.

Sutura kuwa a sa ta hawa-hawa: riga mai kama jiki, sai mai kauri, sai jaket, da hula da safa. Uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri. Duk abin da ya jiƙe a cire shi nan take. A ci abinci a ƙoshi, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, domin da abinci jiki ke hura wutarsa.

Gargaɗi: jariri ba a tula masa barguna, ba a kuma kwantar da shi tsakanin manya masu nauyin barci. A sa masa kaya hawa-hawa, a riƙa taɓa ƙirjinsa ana jin ɗuminsa. Kyandir kuma a ajiye shi. Ɗaki cike da barguna da yara ba wurinsa ba ne.

4. Gawayi ba ya shiga gida

In duk abin da na rubuta za ka manta, to ka riƙe wannan. A gida lokacin hunturu mun saba da kaskon wuta a ɗaki, tsofaffi na jin ɗumi, kuma galibi ana kwana lafiya domin ɗakunanmu na shan iska ta ƙasan ƙofa da rufi da taga. Gidan Amurka an gina shi ne don kada iska ta fita. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid ko ya daina hayaƙi, ko ya zama jajir kamar ba ya komai. Iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuma ba ya farkawa. Sama da mutum 400 take kashewa kowace shekara a Amurka ba tare da gobara ba. Bayan guguwar Disamban 2006 a yankin Siyatil, da yawa daga waɗanda aka kwasa zuwa asibiti baƙi ne irinmu da suka shigar da gawayi cikin gida.

Don haka kurfoti, murhun gasa nama, murhun shayi, duk waje, nesa da taga. Ba a gareji ba, ba a ɗakin ƙasa ba, ba a barandar da aka rufe ba. Buɗe taga kaɗan ba ya wadatarwa. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri da kaskon turaren wuta har wuta ta dawo, shi ma garwashi ne.

Kada a kunna obin ɗin gas a buɗe ƙofarsa don ɗumama ɗaki, kada kuma a bar kawunan murhu suna ci da wannan niyya. Girki na ɗan lokaci ya halatta: yawancin murhun gas na kamawa da ashana ko babu lantarki. Ka kyasta ashanar kafin ka murɗa gas, ka ɗan buɗe taga, kana gamawa ka kashe.

A dare na uku na ɗauke wutar 2011 ɗin nan, wani ɗan'uwa da ke kusa da mu ya kira ni wajen ƙarfe goma, ya ce matarsa da yara biyu duk kansu na ciwo, ƙaramar ta yi amai, ko ina da maganin mura. Na tambaye shi da me suke jin ɗumi. Ya ce gawayin da ya gasa nama da shi a waje ne ya shigo da shi, ai ya riga ya ruru, ba hayaƙi. Na ce ya fitar da kowa waje a yadda suke, ya bar ƙofa a buɗe, ya kira 911. Sun kwana a asibiti da abin numfashi a fuska, Allah ya sa da sauran kwana. Alamomin ke nan: ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, ruɗewa. Idan mutum biyu ko fiye suka kamu lokaci guda, ko sauƙi ya zo da an fita waje, ba mura ba ce. Kada a tsaya neman daga ina take fitowa, kada a ce bari a kwanta a huta.

5. Janareta

Mai zaman gidan haya a bene, wannan mataki ba naka ba ne, baranda ba wurin janareta ba ce. Mai gida da fili, ƙaramin janareta mai ƙarfin wat 2,000 yana riƙe firij, 'yan fitilu da cajin waya, kuma farashinsa na kamawa daga dala 400 zuwa sama da 1,000.

Ka ajiye shi aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, daga ƙofa da taga da duk wata kafar iska, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da gida, naka da na maƙwabci. Tsoron ɓarawo shi ke sa mutane su jawo shi gareji. Ka sayi sarƙa da kwaɗo ka ɗaure shi a waje. A busasshen wuri zai zauna, da rumfa a sama wadda gefunanta ke buɗe. Ka ja wuta da waya mai kauri ta amfanin waje. Kafin ka ƙara mai, kashe shi ka bari ya huce. Ba sai ya kwana yana aiki ba, 'yan awoyi da safe da 'yan awoyi da yamma sun isa su riƙe sanyin firij, su kuma ja maka man.

Gargaɗi: kada ka soka wayar janareta a soket ɗin bango don wuta ta zagaya gida. Wutar na komawa kan layin titi, tana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke yana gyara. Mai son haɗa tukunyar ɗumama gida da janareta, sai ƙwararren mai lasisi ya sa masa makunnin sauya layi, kuma aikin rani ne wannan, ba na daren dusa ba.

6. Ruwa da bututu

Ruwa na kumbura in ya daskare, sai ya fasa bututu, ba kuma za ka sani ba sai ya narke ya cika gida. In sanyin waje ya sauka ƙasa da 32 a ma'aunin Faranhait, wato inda ruwa ke daskarewa, kuma gidan ya huce, ka bar famfuna suna ɗiga, na zafi da na sanyi, ka buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Tun yau ka nemi babban makullin ruwan gidan ka san inda yake, yawanci a ɗakin ƙasa ne kusa da mita. In za ku bar gidan, ka rufe shi, ka buɗe duk famfuna daga sama zuwa ƙasa su tsiyaye. Bututun da ya daskare ba a gasa shi da harshen wuta, tawul mai ɗumi ake naɗa masa.

Gidajen bayan gari masu rijiyar burtsatse, ruwansu na tafiya tare da wuta. Haka hawa na sama a dogayen benaye, inda injin ke tura ruwa. Bokiti ɗaya da aka juye da ƙarfi a masai yana kora shi. Dusar da aka narkar ta yi wa ban-ɗaki, amma kada a sha sai an tafasa.

7. Firij, firiza da magani

Firij a rufe yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firiza cikakke awa 48, rabi awa 24, muddin ba a buɗe-buɗe. Ku fara cin abin da ke firij, sannan na firiza, na gwangwani a ƙarshe. Nama, kaza, kifi, madara, miya da shinkafa dafaffiya da suka haura maki 40 na Faranhait fiye da awa biyu, zubarwa ake yi. Ɗanɗanawa ba ta nuna lafiyarsu.

Na san zafin abin, domin yawancinmu rabin rago ko kwatar sa muke saya mu cika firiza. In ka ga an shiga yini na biyu ba labari, kuma naman na nan da ƙanƙararsa, ka yi masa irin ta layya: a soya shi ƙarau da gishiri, a raba wa maƙwabta, a ci. Hakan ya fi a zuba ido ya lalace. Ajiye nama a cikin dusa kai tsaye kuskure ne, rana na narkar da shi, dabbobi kuma na zuwa. Gara ka daskarar da robobin ruwa a waje da dare ka sa su cikin kula tare da abincin.

Masu ciwon sukari: allurar insulin na jure zaman ɗaki har kwana 28, amma in ta daskare ta lalace. Kada a sa ta a dusa ko a bar ta a mota.

8. Mota da shebur

Mota na cajin waya, tana kuma ba da ɗumi na ɗan lokaci. Fito da ita daga gareji tukuna, ka share dusar da ke bakin salansa, ka kunna minti goma cikin awa. Kada a bar yara a mota tana aiki alhali uba na share dusa a kewayenta, salansa a toshe na tura hayaƙin ciki. Fitilar hanya in ta mutu, kowa tsayawa yake cak kafin ya wuce. Jiƙaƙƙiyar dusa kuma nauyi gare ta, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya bar wa matasa shebur.

9. Lokacin barin gida

Ba jarumta ba ce zama a gidan da ya zama firij. In akwai jariri, tsoho, mai ciki ko majinyaci, kuma ɗakin ya sauka kusa da maki 50 na Faranhait ba alamar gyara, ku tashi da rana tun ana ganin hanya. Kira 211 ka tambayi wurin jin ɗumi mafi kusa, a birnin Niyok kuwa 311. Makarantu da ɗakunan karatu ne galibi ake buɗewa. Ka tambayi masallaci da 'yan'uwa ma, unguwar da ke gaba da ku tana iya kasancewa da wuta. Kunyar kwana a falon wani ba ta kai jinyar yaro ba.

Alamun sanyi ya shiga jiki: makyarkyata mai tsanani, harɗewar harshe, ruɗewa, barci mai nauyi. Jariri fatarsa kan yi ja da sanyi, ya yi laƙwas. In makyarkyatar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani. A kira 911, a cire jiƙaƙƙen kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya. Kafin ku tafi, ku ƙwanƙwasa ƙofar dattijon da ke zaune shi kaɗai a layinku.

10. Idan ta dawo

Ka jira 'yan mintoci, sannan ka mayar da kaya soket ɗaya bayan ɗaya. Zagaya ɗakin ƙasa da ƙarƙashin famfuna ka duba yoyo, ka buɗe babban makullin ruwa a hankali. In ka ji warin gas, fita ka kira daga waje.

Gidan zai ɗauki awoyi kafin ya yi ɗumi, kuma a nan ne ake jawo hita kusa da gado. Gobarar da ta ci rai 17 a wani bene a unguwar Buronks ta birnin Niyok ranar 9 ga Janairun 2022, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, daga hita ta tashi. A soka ta a bango kai tsaye, a bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da labule ko katifa, a kashe ta kafin barci. Mai haya a birnin Niyok ya sani doka ta wajabta wa mai gida ba da ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. In wuta ta dawo ɗumi bai dawo ba, 311 ne wurin kai ƙara.

Kafin ka zubar da abincin da ya lalace, ɗauki hotonsa ka rubuta jerinsa da kuɗinsa. Masu karɓar tallafin abinci na SNAP suna da kwana 10 su kai rahoto don a mayar musu. A Konetikat, dokar da aka yi a 2020 ta tanadi rangwamen dala 25 a kowace rana bayan awa 96 ba wuta, da har dala 250 na abinci da magani, jihar Niyok ma tana da irin tata da ke farawa daga awa 72. Ka duba takardar inshorar gidanka ko ta haya, wasu na biyan asarar firiza. Sannan ka sake cika robobin ruwa, ka sayi sababbin batura, ka juye ragowar man janareta a mota, domin dusar sammako ce wannan, hunturun bai ma fara ba.